Amsa ga mai tambaya kan hurling, wasan sanda da ƙwallo na mutanen Ayilan

Malam, ka ce wani abokinka ya turo maka bidiyo a waya: samari sanye da hular kwano, kowanne riƙe da sanda mai faɗin kai, suna bin wani ɗan ƙaramin ƙwallo a guje, fili kuma ya cika maƙil da 'yan kallo. Ka tambaya ko hoki ne, ko yana da dokoki tunda kai dai hargitsi ka gani, daga ina ya samo asali, sannan nawa ake biyan mutum kafin ya yarda ya sa kansa a gaban sanda haka.

Abin da ka gani sunansa hurling, wasan gargajiyar mutanen Ayilan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Na yi shekaru a kudancin ƙasar, inda wasan ya fi kafuwa. Na kalle shi tun daga na 'yan firamare har wasan ƙarshe a Dublin, kuma na daɗe ina taya masu koyar da yara a kulob ɗin unguwar da na zauna. Dangantakarsa da hoki a kan sanda ta tsaya. A hoki ƙwallo a ƙasa yake yini, a hurling kuwa yawancin lokaci a sama yake, ana cafe shi da hannu, ana dukansa a iska. Batun kuɗi kuma, ko sisin kwabo ba a biyansu albashi. Zan zo kan dalili, amma sai mun bi ta tarihi tukuna zai shiga kai.

Mu fara da sandar, don a kanta wasan ya ginu. Da Ingilishi ana ce mata hurley, da harshen Ayilan camán. Ka ƙaddara doguwar muciya ce aka baje kanta aka ɗan karkata shi gefe guda. Wannan faffaɗan kai shi ake kira bas, da shi ake duka, a kansa ake ɗaukar ƙwallo. Ta babban mutum takan kai santimita 80 zuwa 90, ta mai tsaron gida kuma kanta ya fi faɗi. Da itacen ash ake sassaƙa ta, wata bishiyar ƙasashen sanyi da ba mu da ita, itacenta ga ƙarfi ga danƙo, ya lanƙwasa ya dawo bai karye ba. Kuma ba ko'ina a jikin bishiyar ke yin sanda ba. Gindin kaɗai ake so, daidai inda kututture ya fara buɗewa zai zama saiwa, saboda a nan zaren itacen ya lanƙwashe da kansa, ya bi siffar kan sandar. In daga sama aka yanko, inda zaren ya miƙe sak, karo ɗaya kan zai tsage. Shi ya sa masu sara suke yanke bishiyar can ƙasa-ƙasa, kuma bishiyar da ta shekara 25 zuwa 30 abin da ake ɗauka a jikinta bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba.

Na taɓa raka wani yaro da mahaifinsa wurin masassaƙi. Rumfa ce a bayan gida, katakai jere har rufi suna shan iska, wasu sun yi watanni a wurin. Dattijon ya sa yaron ya tsaya ya saki hannuwa, ya auna daga ƙasa zuwa wuyan hannunsa, sannan ya shiga ɗaga katakai ɗaya bayan ɗaya yana duba yadda zarensu ya kwanta. Da ya fitar da siffar, sai ya dasa kan sandar a ƙasa ya danna da nauyinsa don ya ji yadda take dawowa. Ya miƙa wa yaron ya kaɗa sau biyu, ya karɓa ya ƙara kankare mariƙin, ya sake miƙa masa. Sai a karo na huɗu ya ɗaure kan da siririn zoben ƙarfe don kada ya tsage. A mota, yaron nan rungume da ita ya yi barci.

Ƙwallon sunansa sliotar. Girmansa kamar madaidaicin lemo, faɗinsa wajen santimita 7, nauyinsa giram 110 zuwa 120. Cikinsa ɓawon itacen nan ne mai laushi da ake toshe bakin kwalba da shi, an lulluɓe shi da fata gida biyu, ɗinkin ya taso ya yi kirtani a jikinsa. A da launinsa fari ne, tun daga 2020 aka koma rawaya a manyan gasanni don a fi ganinsa. In gwani ya same shi daidai, gudunsa yakan haura kilomita 150 a awa, kuma mai tsaron gida yakan buga shi daga bakin ragarsa ya sauka kusan mita 100. Da wannan gudu za ka gane dalilin hular kwano mai ragar ƙarfe a fuska. Abin da zai ba ka mamaki shi ne sai ranar 1 ga Janairun 2010 aka wajabta ta ga kowa da kowa. Kafin nan manya da yawa da kai tsirara suke shiga, shi ya sa in ka zauna da tsofaffin 'yan wasa za ka ga giɓi a baki da tabo a gira. Bayan hula ba wani sulke. Wasu sukan sa safa mai kauri a hannu, shi ke nan.

Filin ya fi na ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba: tsawo mita 130 zuwa 145, faɗi 80 zuwa 90. Kowane ɓangare mutum 15, wato mai tsaron gida, 'yan baya shida, 'yan tsakiya biyu, 'yan gaba shida. Manyan wasanni minti 70 ne, 35 kowane rabi, na kulob kuma minti 60. Turakun raga dogaye ne, sun wuce sandar da ta gitta su sun yi sama, kamar harafin H. Tsakaninsu mita 6.5, sandar kuma tana mita 2.5 daga ƙasa. Ƙwallo ya shiga raga, maki uku, a ɗaga koriyar tuta. Ya bi ta saman sanda tsakanin turaku, maki ɗaya, a ɗaga fara. Saboda haka ake rubuta sakamako gida biyu, cin raga daban, makin sama daban. A wasan ƙarshe na kofin ƙasa na 2024, gundumar Clare ta tashi da 3-29, ta Cork da 1-34. Lissafa ka gani: uku sau uku tara, a haɗa da 29, ya zama 38, ita kuwa Cork 37. Da maki ɗaya aka ɗauki kofi, bayan ƙarin lokaci, a wasan da aka ci sau 67. Ka ga kusan duk minti sai an ɗaga tuta, babu lokacin da ɗan kallo zai duba waya.

To, ga inda hargitsin da ka gani zai warware maka. Kusan duk dokokin wasan abu ɗaya suke yi, wato takura wa hannu don a tilasta wa mutum ya iya sanda. An yarda ka cafe ƙwallo a sama, amma ba ka tsince shi daga ƙasa da hannu, dole sanda ta ɗago shi. In ya shiga hannunka, taku huɗu kawai za ka yi da shi. Kana so ka ci gaba da gudu, sai ka ɗora shi a kan bas ka tafi da shi a haka, yana zaune ko yana ɗan tsalle, kai kana sheƙa gudu ana binka. Sau biyu kaɗai zai shiga hannunka kafin ka rabu da shi. Jifa haramun ne. In da hannu za ka ba abokinka, sai ka sake ƙwallon ka mare shi da tafi, marin da alƙali zai gani ƙarara, kuma a kan wannan mari ake yawan cacar baki, don gwanaye suna yinsa da saurin da ido ba ya rarrabe shi da jifa. Shuri da ƙafa ya halatta, sai dai ba a ɗauke shi gwaninta ba. Satar gida babu, illa dai ɗan gaba ba ya shiga ƙaramin gidan mai tsaron raga kafin ƙwallo ya shiga.

Riƙon sandar ma yana da nasa sirri. Hannunka mai ƙarfi shi ke can ƙarshen mariƙi, ba ya sakinta, ɗaya hannun kuma shi ke cafe ƙwallo. Mai dama kenan da hagu yake cafewa. Kuma dole ka iya duka ta dama da ta hagu, in ba haka ba 'yan baya za su gane ka cikin minti biyar su toshe maka gefen da ka iya. Wannan ya sa da wuya wanda ya fara da girma ya yi nisa. Yaran can tun suna shekara biyar suke dukan ƙwallo a jikin bangon gida, ya dawo su cafe, sau ɗaruruwa kullum. A garuruwan Kilkenny da Tipperary za ka ga yaro zai tafi makaranta ko aike, jaka a baya sanda a hannu. Na ga wata yarinya 'yar shekara bakwai ta yi mako uku tana fama da ɗago ƙwallo: ta taka shi da bas, ta jawo shi baya, ta zura sandar ƙarƙashinsa, ya zille. Ranar da ya hau ya faɗo mata a tafin hannu, ba ta yi ihu ba, sai ta ajiye shi a ƙasa ta sake, don ta tabbatar ba dace ba ne.

Ƙarfi yana da wurinsa, amma an yi masa iyaka. An yarda ka bangaje abokin karawa kafaɗa da kafaɗa, muddin ƙafarka ɗaya na ƙasa kuma shi ke da ƙwallo ko kuna tsere a kansa. Ture mutum ta baya, jan riga, taɗiye ƙafa, ko dukansa da sanda, duk laifi ne, akwai katin gargaɗi akwai jan kati. Hanyoyin ƙwace na gwaninta biyu ne. Ko ka tare daga gaba, ka kifa sandarka a kan tasa daidai lokacin da za ta haɗu da ƙwallo, ko ka biyo ta baya ka saƙalo sandarsa da bakin taka in ya ɗaga, dukan ya tashi a banza. Abin da ake fara koya wa yaro shi ne ya matsa jikin mai duka. Baƙo gani yake ganganci ne, alhali wanda ya ja baya taku ɗaya shi bakin sanda ke samu, wanda ya manne kuwa tsakiyarta ce za ta taɓa shi ba ƙarfi. Raunin da aka fi samu na yatsu ne.

Sauran dokokin ba su da wuya. Ƙwallo ya fita ta gefe, a ajiye shi a ƙasa a sare shi da sanda, kuma akwai masu cin maki kai tsaye daga nan, abin sai wanda ya gani. Ɗan baya ya fitar da shi ta bayan ragarsu, a ba abokan karawa bugu daga layin mita 65, madadin kwana kenan. Fenariti daga mita 20 ake bugawa, kuma tun 2015 daga mai bugu sai mai tsaron gida. Bayan alƙali akwai masu kula da layi biyu, da mutum huɗu masu farar riga, bibbiyu a kowace raga, su ke ɗaga tuta.

Asalin wasan ya riga rubutu a ƙasar. A tsofaffin labaransu, waɗanda aka samu a littattafan hannu na ƙarni na 12, akwai wani yaro Sétanta da aka gayyata biki gidan maƙeri mai suna Culann. Ya makara yana wasa, aka manta da shi aka saki ƙaton karen da ke gadin gidan. Da karen ya taso masa, sai ya ɗirka masa ƙwallo da sanda a maƙogwaro ya kashe shi. Maƙeri ya yi baƙin ciki, yaron ya ce shi zai tsaya gadi har a reni wani kare. Daga nan aka sa masa Cú Chulainn, wato karen Culann, babban jarumin tatsuniyoyinsu. Tatsuniya ce, amma tana nuna wasan ya riga marubutanta. Tsohuwar shari'arsu ta gargajiya ma ta yanka diyya ga wanda aka ji wa rauni a filin wasa. A 1366 mahukuntan Ingila suka kafa dokoki a garin Kilkenny don hana mutanensu da suka zauna a tsibirin rikiɗewa su zama 'yan ƙasa, cikin abin da aka hana har da wannan wasa, aka ce su koma harbin baka. Birnin Galway ma ya hana shi a 1527. Duk bai mutu ba. A ƙarni na 18 ma sai manyan masu gonaki suka rungume shi, kowa na riƙe da tawagar manomansa, ana karawa gunduma da gunduma ana zuba caca. A lokacin iri biyu ne: na bazara a kudu, mai faffaɗar sanda da ake cafe ƙwallo, da na hunturu a arewa, mai siririyar sanda da ake bugawa a ƙasa, ɗan'uwan wasan shinty na Sikotlan. Na kudun ne ya zama hurling na yau.

Abin da doka ta kasa, siyasa da yunwa sun kusa yi. Bayan tawayen 1798 masu gonaki suka daina yarda da taron talakawa, suka janye hannu. Sannan aka yi babbar yunwa daga 1845, da cuta ta cinye dankalin turawa, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura. Kafin 1880 wasan ya rage a 'yan tsirarun yankuna, kurket ta Ingila kuma na ta yaɗuwa a karkara. Wani malamin makaranta ɗan gundumar Clare, Michael Cusack, shi abin ya tsaya wa a rai. Ranar 1 ga Nuwamban 1884 ya tara mutane, bakwai bisa abin da aka fi rawaitowa, a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles, suka kafa ƙungiyar wasannin gargajiya da ake kira GAA. Maurice Davin, shahararren ɗan wasan guje-guje da tsalle-tsalle, ya zama shugaba na farko, babban limamin Katolika Thomas Croke ya zama uban ƙungiya. Su suka rubuta dokoki. Wasan ƙarshe na farko na ƙasa baki ɗaya an yi shi a Birr a watan Afrilun 1888, Tipperary ta doke Galway, mutum 21 kowane ɓangare. Aka rage zuwa 17 a 1892, sannan 15 a 1913. Da farko cin raga ɗaya ya rinjayi makin sama komai yawansa, sai aka mai da shi biyar, a 1896 aka tsayar da uku.

Ƙungiyar ta tashi ne tare da fafutukar neman 'yanci, kuma ta sha wuya a kai. Ranar 21 ga Nuwamban 1920, bayan 'yan gwagwarmaya sun kashe jami'an leƙen asirin Birtaniya da safe, dakarun gwamnatin Birtaniya suka buɗe wuta a filin Croke Park da ke Dublin ana tsakiyar wasan ƙwallon gargajiya, wato ƙwallon Ayilan da ake bugawa da hannu da ƙafa, tsakanin Dublin da Tipperary. Mutum 14 suka rasu, har da ɗan wasa Michael Hogan, wanda rumfar da ake miƙa kofi a cikinta yau take ɗauke da sunansa. Ita ma ƙungiyar ta yi nata tsaurin da ni ban ga dacewarsa ba: har zuwa 1971 ta haramta wa 'ya'yanta buga ƙwallon ƙafa, rugbi, kurket da hoki, kai ko kallonsu. A 1938 ta cire shugaban ƙasa Douglas Hyde daga jerin iyayenta don ya halarci wasan ƙwallon ƙafa, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen raya harshen ƙasar.

Yanzu za ka gane batun albashi. An gina komai ne a kan garinku. Kulob na unguwa ne ko ƙauye, yawanci iyakarsa iyakar yankin cocin wurin, kuma a nan kake bugawa tun kana yaro har ka tsufa. In ka yi fice sai gundumarku ta kira ka, cikin gundumomi 32 na tsibirin, har da shidan da ke ƙarƙashin Birtaniya. Babu saye babu sayarwa. Ana ba su kuɗin mota da kayan wasa, akwai ɗan tallafin gwamnati, fitattu kuma sukan samu talla, amma wanda ya buga gaban mutum 82,300 a Croke Park ranar Lahadi, malamin makaranta ne ko manomi ko ma'aikacin banki, aikinsa na jiransa. Henry Shefflin na Kilkenny ya ci kofin ƙasa sau 10 a haka, Christy Ring na Cork sau 8. Jack Lynch ya ci biyar a hurling da ɗaya a ƙwallon gargajiya, shekara shida a jere daga 1941 zuwa 1946, daga baya ya zama firaministan ƙasar. Ni ina ganin wannan tsari shi ne ran wasan, don wanda kake yi wa tafi ɗan maƙwabcinka ne. Sai dai ba zan ɓoye maka nauyinsa ba: horon ya kai na ƙwararru, kuɗin ƙofa da na talabijin na shigowa, saurayi kuma yana ba da dare huɗu ko biyar a mako kyauta. Muhawarar tana nan da ranta.

Wata matsalar ita ce wasan bai bazu daidai ba. Zuwa 2025 Kilkenny na da kofi 36, Cork 30, Tipperary 29, su uku kawai 95 kenan. Limerick ta tsaga tsakaninsu ta ɗauki kofin ƙasar, wanda ake kira Liam MacCarthy, sau biyar daga 2018 zuwa 2023, huɗu a jere, amma a yawancin arewa da yammacin tsibirin ƙwallon gargajiya ce ke da kasuwa, don ta fi sauƙin koyo. Mata suna da nasu, camogie, tun 1904, dokoki kusan iri ɗaya, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta sa su biyun cikin jerin al'adun gado na duniya.

Abin da ya fi damun masu wasan a yanzu bishiya ce. A 2012 aka fara ganin wata cutar fumfuna a gundumar Leitrim, wadda ke busar da ash daga rassa ta gangaro, kuma ta game tsibirin duka. Dama tun kafin nan yawancin katakon daga wasu ƙasashen Turai ake shigo da shi, su ma cutar ta same su. Wani gidan masassaƙa a Clare mai suna Torpey ya fito da sandar gora a 2020, akwai kuma ta roba, kuma manyan 'yan wasa da dama sun karɓi ta gorar. Masana na tattara 'yan bishiyoyin da suka jure cutar don a samu iri, amma ko yau aka dasa sai an jira shekara 25 kafin a yanki sanda. Dattijon da na ba ka labari ya nuna mini wata ash a bakin shingensa, saman duk ya bushe, ganye sai a ƙananan rassa. Ya ce mahaifinsa ne ya dasa ta, kuma zai sare ta kafin cutar ta sauko gindi, don a ƙiyasinsa sanda goma za ta bayar.